Baƙin da Uwani Ta Riƙa Gaisarwa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya saukar mana da ciwon nan, Shi kuma ya ɗauke shi. Matan da nake karantarwa a Islamiyya sun dame ni da tambayar abin da ya sami ɗiyata a daminar da ta wuce. Kowacce da irin abin da ta tsinta a bakin mutane. Wata ta ji an ce iska ce, wata ta ji an ce jifa aka yi mata. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna in rubuta abin yadda ya faru, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Mu mutanen wata 'yar unguwa ce a gefen Tsaskiya, cikin ƙasar Safana. Lokacin da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, muka kwashe muka koma cikin Batsari wajen yayana, muka yi damina biyu a ɗakunan aro. Da abubuwa suka ɗan lafa, surukina, wanda kowa ke ce wa Malam, ya ce shi ba zai mutu a ɗakin wani ba. Shi ne mai makarantar allo ta unguwarmu tun kafin a kawo ni gidan. Muka tattara muka dawo ana gab da shuka, shi da ƙanwarsa Goggo Tabawa, da maigidana, da ni da 'ya'yana.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai ranar da muka sauka. Ba kukan zakara, ba ƙarar turmi. Ƙofofin mutane a hangame, busasshiyar ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gidaje, ƙadangaru ne kawai ke bin bango. Gidaje kaɗan ne suka dawo tare da mu. A cikinsu akwai na Bitrus da matarsa Ladi, maƙwabtanmu na tun kaka da kakanni, su suna zuwa coci mu muna zuwa masallaci, gonakinmu a haɗe.

Gidan da ke jikin namu ta arewa na Baba Ɗanjuma ne. Shi da matarsa Hansai duka sun rasu a can inda muka yi gudun hijira, 'ya'yansu kuwa sun watse neman abinci. Gidan ya zama kango. Mu kuma muka tarar masai ɗinmu ya rufta, haka na sauran gidajen. Maza suka ce bari a gama shuka sannan a haƙa sabo. Aka gama shuka, noma ya taso, aka ce bari a gama noman fari. A wannan tsakanin, babba da yaro, duk wanda zai kewaya sai ya ɗauki buta ya shiga kangon Baba Ɗanjuma. Ba wanda ya ce a yi haka, ba kuma wanda ya ce a bari.

Rijiyar unguwa tana gangaren kangon nan. Kafin mu tafi tana da murfin ƙarfe da ginin siminti a baki. Mun dawo mun tarar an ɗauke murfin, bakin kuma ya zube ta gefe ɗaya. Amma ruwanta garai-garai yake, ga sanyi, ba wari, ba ɗanɗano. Mun yi ta hamdala da muka same ta ba ta ƙafe ba.

Uwani ce ɗiyata ta fari, shekararta goma sha biyar, ta kusa sauke Alƙur'ani a hannun kakanta. Sunan mahaifiyar Malam aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan, balle ni da na haife ta da fari. Ita ke ɗebo mana ruwa. Yarinya ce mai son gyara jiki, kullum da lalle a hannu, kullum kanta a kitse.

Makon farko na rashin lafiyarta, ciwon kai ta fara, da kasala. Da safe jikin da sauƙi, la'asar na yi ya ɗau zafi, kuma zafin yau ya fi na jiya. Muka ce sauro ne, damina ce. Maigida ya kai ta wajen wani mai kyamis, aka yi mata allurai, aka ba ta ƙwayoyi. Ta shanye su tas, zazzaɓin ko gezau. Abinci ya fita ranta. Harshenta ya yi fari fat, bayan gida ya ɗauke mata. Sai ta kwanta ta zuba wa rufin ɗaki ido, in ka yi mata magana sai an jima ta amsa, kamar wadda ake kira daga nesa.

A mako na biyu baƙin suka fara zuwa.

Gab da azahar ne, rana tsaka, kowa yana gona. Ina tsakar gida ina bakace gero sai na ji muryarta a ɗaki, a sake, yadda ba ta yi magana ba tun da ta kwanta.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni?"

Ta yi shiru daidai tsawon da mutum zai amsa.

"Lafiya lau. Ya gajiyar tafiya? Ya Inna Hansai? Au, tare kuke? Sannu, Inna. Ku shigo mana."

Na ajiye faifan. Ba wanda ya wuce ni, ƙofar gidan ɗaya ce, kuma ina fuskantarta. Na leƙa ɗakin. Yarinyar da ba ta iya tashi sai an tallafe ta, ga ta a durƙushe, ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuyar da ido yadda ake yi wa manya. Ta matsa gefe, ta shafa tabarma da tafin hannu tana gyara musu wurin zama.

Na ce, "Ke, da wa kike magana?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Inna, ki kawo wa Baba Ɗanjuma ruwa, daga nesa suke." Ta karkata kai tana sauraro. "A'a, ki bar shi. Ya ce ba zai sha na randar nan ba."

 Na yi a'uziyya, na kama kafaɗarta, jikin kamar garwashi. Ta ce, a hankali, kamar mai ba ni haƙuri, "Wai gidansu ne ya ɓaci, ba wurin zama, shi ya sa suka taho nan."

Daga nan ta sulale ta kwanta. Yatsunta suka shiga tsince-tsince a kan tabarma, kamar mai fitar da tsakuwa daga wake. Ido a buɗe, amma na gitta hannu a gabanta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da suka dawo daga gona na faɗa musu. Goggo Tabawa ta dafe ƙirji. Har yau Amarya take ce mini, duk da shekarun da na yi a gidan. Ta ce, "Amarya, mi na ce maku tun ranar da munka sauka? Gida in ya daɗe ba mutane, wasu ka shiga su zauna. Mun faɗo masu ba sallama, ga shi sun kama wadda ta fi kowa hasken fuska."

Ta kawo kasko ta zuba garwashi, ta barbaɗa wasu saiwoyi, ɗaki ya turnuƙe.  Malam kuwa ya ɗauki allonsa ya yi rubutu, ya wanke da ruwan randa, ya tofa addu'a, ya ba ta da hannunsa. Safe da yamma haka yake yi, yana zaune a gefenta yana karatu har muryarsa ta dushe.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Wata maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne ya ɓuya a ciki, a dafa ganye a ba ta. Wani ya ce a yanka baƙar kaza a yi sadaka. Yayana ya kira daga Batsari, sai da maigida ya hau tudu kafin ya ji shi sosai, ya ce mu bar komai mu kawo ta asibiti. Amma marka ta sauka a kwanakin, ruwa ba ya ɗaukewa, kwazazzabon da ke kan hanyarmu ya cika har yana tafiya da itatuwa. Maigida ya ce a jira ya janye. Goggo ta ce ai ciwon ma ba na asibiti ba ne, in aka yi mata allura yanzu, masu ita za su fusata.

Su kuwa baƙin ba su fasa ba. Kullum rana ta take sai su zo. Na kai ga in na ga inuwar katanga ta koma gindinta sai in ajiye aikin da ke hannuna. Uwani ta tashi ta durƙusa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, babba da irin tasa, mace da irin tata, ba ta taɓa haɗa su ba. Duk sunan da ta kira, mai shi yana ƙasa. Har da waɗanda suka rasu tana goye. Ina zaune a bakin ƙofa ina jan carbi, ina jin ana tambayar ɗiyata lafiyar gida tana amsawa.

Wata rana, a tsakiyar gaisuwar, sai ta ɗago da fara'a ta ce, "Lah, Iya Ladi, ke ma kin zo? Sannu. Matso nan, akwai wuri."

Ladi matar Bitrus tana raye. Da safen nan ma na aika mata da kunu, don an ce ita ma zazzaɓi ya kwantar da ita. Ban faɗa wa kowa wannan ba. Na tashi na shiga madafa na zauna a kan turmi.

Farkon mako na uku, da hantsi, ta ƙwalla ƙara ta riƙe ciki. Ta yi ta murƙususu, sai kuma ta yi tsit. Zafin jikin ya sauka, zufa mai sanyi ta rufe ta. Goggo ta taɓa goshinta ta ce, "Alhamdu lillahi, sun sake ta."

Ni kuwa fuskarta nake kallo. Idanun sun faɗa, hancin ya tsaya, leɓɓan sun bushe. Na ɗaga rigarta, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar bayan ƙwarya, ko numfashi ba ya motsa shi. Na ɗan danna, ta yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, a gaban Malam, a gaban kowa.

"Safara'u! Safara'u, dube ni!"

 Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunan nan ba. Ta juyo da ido a hankali ta dube ni, ranar ce ta farko cikin kwanaki da na ga ta gan ni.

Malam ya dubi maigida ya ce, "Tashi. Ko a kai za ku ɗauke ta, ku kai ta."

Babur ɗaya ne mai lafiya a unguwar, na Bitrus. Maigida ya same shi a gindin gadon matarsa. Bai tsaya jin ƙarshen bayani ba, ya ce wa ƙanwarsa ta kula da Ladi, ya turo babur. Muka sa Uwani a tsakiya, na ɗaure ta da zane a bayansa kamar goyo, na hau na rungume ta. Maigida ya biyo mu a ƙafa, a kan zai sami abin hawa a gaba. A kwazazzabo ruwan ya janye zuwa gwiwa. Bitrus ya sauka ya goya ta ya tsallakar, ya dawo ya turo babur. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi nishi a ƙirjina. Yana tuƙi yana cewa, "Malama, riƙe ta da kyau, mun kusa." Ba mu kusa ba, amma na gode masa da ya riƙa faɗa.

A Batsari yayana ya tarye mu. Bitrus ya juya ko ruwa bai sha ba. Asibitin da muka fara zuwa cike yake da mata da yara, har ƙarƙashin bishiya an rataya wa wasu ƙarin ruwa. Wata nas ta gifta, ta ga yadda kan yarinyar ke lilo, ta tsallake layin ta zo ta taɓa cikin. Ta ce, "Wannan ba namu ba ne. Ku wuce birni yanzu, kada ku ba ta ko ɗigon ruwa." Ta sa mata ƙarin ruwa, yayana ya nemo mota.

Ba zan ɓoye ba, a babban asibitin birni mun sha wuya. A yanki kati, a bi layi. A je ɗaukar jini, a bi layi. A je hoto, a ce mai yi ya fita. Yarinya tana kwance a kan benci, ƙudaje na bin bakinta, ni ina korar su da gefen mayafi. Komai sai an saya a waje, har safar hannun da za a duba ta da ita. Ragon da muke kiwo don layya ya tafi, gyaɗar da ta rage bayan shuka ta bi shi, 'yan kunnen aurena ma ban dawo da su ba.

Likitar da ta duba ta wata doguwa ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce, "Taifot ne. Ya daɗe yana cin hanjinta har ya huda shi. Abin da ke cikin hanjin yanzu yana zuba a cikinta. Sai an yi tiyata, kuma yau."

Maigida ya ce, "Likita, a gida an ce iska ce. Tana magana da mutanen da suka mutu."

Ta ce, "Ciwon nan in ya yi nisa haka yake sa mutum sambatu." Sai ta juyo gare ni. "Mama, daga ina kuke shan ruwa?"

Na faɗa mata.

"A ina kuke kewayawa?"

Na faɗa mata wannan ma. Ta cire gilashin ta goge, ta mayar. Abin da ta ce bayan nan har yau yana kunnena.

"Ciwon nan ba ya tashi sama ya faɗo wa mutum. Abin da ya fita daga cikin wani ne ya shiga bakin wani."

Na ji kamar in nutse a wurin. Mu da muke alwala sau biyar, mu gidan malamai.

Maigida da yayana suka ba da jini. Aka shiga da ita. Na zauna a baranda ina kallon ƙofar, ban iya ko addu'a mai tsawo ba, sunan Allah kawai nake maimaitawa. Da aka fito da ita, da roba a hanci da wata a gefen ciki, likitar ta ce sun ɗinke hujin, sun wanke cikin, saura kuma na Allah da na masu jinya.

A nan na koyi jinya. Ɗakin da aka kwantar da mu famfonsa sai ya ga dama yake kawo ruwa, bayan gidan kuwa ba ya shiguwa. Wannan abu ya ba ni takaici, a ce wurin da ake gaya mana ƙazanta ce ta kawo mu, shi ma ga halin da yake ciki. Wasu ma'aikatan in ka kira su sai sun harare ka. Amma akwai wata nas, dattijuwa, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ta kama hannuwana ta juya su ta ce, "Yanke faratan nan yau." Ta nuna mini yadda zan cuɗa sabulu har tsakanin yatsu da bayan hannu, a zuba mini ruwa daga sama, kafin in taɓa yarinyar da bayan na taɓa ta, da duk lokacin da na ɗauke fo. Ta ce kofinta da cokalinta kada kowa ya taɓa, abinci kada ya zauna a buɗe, zanen gado in ya ɓaci a wanke a shanya a rana, ba a ninke a tura ƙarƙashin gado ba.

Duk da haka, cikin mako na biyu da tiyata ɗinkin ya yi ruwa. Gefe ɗaya ya buɗe, yana fitar da ruwa mai wari. Kullum da safe a zo a wanke, a cusa auduga, tana cije mayafina don kada ta yi ihu. Ta rame har ina ƙirga haƙarƙarinta da ido. Gashinta ya riƙa biyo mataji. Amma tun da aka fito da ita daga tiyata ba ta sake gaishe da kowa ba. Rana ta take, in zuba mata ido ina jira, sai in ga barci kawai take yi.

A makon nan ne Bitrus ya zo duba mu, da ƙwan zabi a cikin 'yar ƙwarya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Muka gaisa, na ce, "Ya jikin Ladi?"

Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Ya ce, "Malama, Ladi ta riga mu. Kwana kaɗan bayan na kawo ku. Ita ma cikin ne."

Na yi salati. Mutumin nan ya bar tasa a kwance ya ɗauko tawa. Hawaye suka zubo mini. Shi ne ma yake ba ni haƙuri, yana cewa ko ɗaya aka samu ai an gode Allah. Abin da na ji daga bakin Uwani ranar da ta gaishe da Ladi cikin baƙinta ban gaya masa ba, ban kuma san abin da zan kira shi ba har yau. Da ta samu ƙarfin hira na tambaye ta ko tana tuna waɗanda suka riƙa zuwa wurinta. Ta yi tunani ta ce, "Su wa, Inna? Ni ƙishirwa kawai na tuna."

Abin da ya faru a gida maigida ne ya ba ni labari, don ni ina asibiti. Ya ce da ya koma ya faɗa wa Malam maganar likita. Washegari aka yi ruwa, yana ɗaukewa Malam ya ɗauki sandarsa ya shiga kangon Baba Ɗanjuma, wurin da bai taɓa takawa ba, don shi gona yake nufa in zai kewaya. Ya ga abin da ke ciki. Ya ga inda ruwan sama ya yi wa kansa hanya ta ƙarƙashin katangar da ta faɗi. Ya bi hanyar nan da sanda, baƙa ce, ƙudaje na tashi, har ta kai shi daidai inda bakin rijiya ya zube. Maigida na biye da shi a baya. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da wanga ruwa na riƙa wanke mata allo."

Ranar ba wanda ya je gona. Malam ya tara mazan unguwa, na masallaci da na coci, ya ce gero ya jira. Aka haƙa masai a kowane gida, nesa da rijiya, aka yi masa murfi. Aka kwashe kangon aka binne, aka zuba toka, aka toshe ƙofarsa da ƙaya. Aka yashe rijiya, aka haɗa hannu aka sayo siminti aka gina bakinta, Bitrus da kansa ya yi mata murfin katako. Ƙannen Uwani biyu da suka fara zazzaɓi aka kai su asibiti tun da wuri, ƙwayoyi kawai aka ba su suka miƙe.

An fara yankan gero muka dawo gida. Tana tafiya a duƙe, tana dafa bango. Na ci gaba da abin da na koya. Ruwan sha sai na tafasa ya huce. Randa da murfinta, moɗa a rataye, ba mai tsoma hannu. Buta da sabulu a ƙofar masai, ranar da babu sabulu toka tana nan. 'Yan'uwana mata, abin da nake so ku ɗauka ke nan. Ruwa yana iya yin haske kamar madubi alhali ciwo na cikinsa. Wanke hannu da ruwa zalla bayan kewayawa, ko bayan kin wanke wa yaro kashi, bai isa ki koma kan tuwo ba. Zazzaɓin da aka sha masa magani ya ƙi sauka, kada a zauna ana canza masa suna. A yi addu'a, ana yi ana tafiya asibiti.

Goggo Tabawa ce kawai ba ta sauka daga kan maganarta ba. Ita a wurinta hayaƙinta ne ya kore su, likita ta tarar da aiki an gama. In ta ga ina tafasa ruwa sai ta ce ina ƙona itace a banza. Ba ta je asibiti ba, ita ta zauna da yara, kuma Uwani don kunya ba ta taɓa buɗe cikinta a gabanta ba.

Bayan kaka aka yi suna a ɗaya daga gidajen da suka dawo, haihuwar farko a unguwar tun komowarmu. Mata sun cika tsakar gida. Aka fito da tuwo, aka kawo ruwa a kwano ɗaya yadda aka saba, kowacce ta tsoma hannu ta miƙa wa ta kusa da ita. Kafin ya zagayo rabi ya koma kalar kunu. Na tashi na karɓi kwanon na zubar a rariya, na ɗauko buta da sabulu na ce a yi haƙuri, in zuba wa kowa.

 Goggo ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Amarya, ƙazanta kika gani a hannunmu? Da kwanon ga munka girma, da shi munka aurar da ɗiyanmu. Don kin kwana biyu asibiti za ki zo ki kunyata mutane gidan biki?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Na tsaya da buta a hannu.

Sai Uwani ta taso daga inda take zaune, da ɗan kwalinta da ta ɗaure don rufe kan da bai gama tsirowa ba. Ta durƙusa a gaban Goggo ta ce, "Goggo, don Allah zo ki ga wani abu." Ta kama hannunta ta ja ta cikin ɗakin mai jego, ta saki labule.

Ba mu ji komai ba. Ko tari ba wadda ta yi. Ni na san abin da ke ƙarƙashin rigar nan, tabon ɗinki tun daga ƙasan ƙirji har mara, da ramin da ya bari a inda ya buɗe.

Labulen ya ɗaga. Goggo ta fito tana goge ido da bakin zanenta. Ba ta dubi kowa ba. Ta zo gabana ta tsuguna, ta tattare hannun rigarta, ta miƙo tafukanta biyu.

"Zuba," ta ce. "Ina sabulun?"